Injin Yana Marte, Ruwa Ya Yi Hijira: Dalilan Mutuwar Ayyukan Fasaha a Hannun Hukuma

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa babu wata gwamnati da aka yi a ƙasar nan, ta soja ko ta farar hula, wadda ba ta yi mana alkawarin fitar da mu daga ƙangin talauci ta hanyar kimiyya da fasaha ba. A zamanin iyayenmu madatsun ruwa da taraktoci da masana'antun ƙarfe aka ce za su yi wannan aiki. A namu zamanin kuwa kwamfuta ce da intanet da tauraron ɗan'adam. Sunan kayan ne yake sauyawa, labarin kuwa guda ne: a ranto kuɗi, a ba da kwangila, a gayyato makaɗa da 'yan jarida, babban baƙo ya yanke ƙyalle, a tafa, a watse. Bayan 'yan shekaru sai ka tarar wurin ya zama masaukin jemagu da ƙadangaru, bashin kuwa yana nan rataye a wuyan 'ya'ya da jikoki.

Abin da muke son kafa hujja a kansa a wannan maƙala shi ne, akasarin waɗannan ayyuka tun a kan takarda suke mutuwa, kafin a aza tubali ko a ɗaura waya. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Muna wannan rubutu ne daga unguwar Fezzan a tsakiyar tsohon garin Yerwa, saboda haka ba ma bukatar tafiya nesa neman misali. Jihar Borno tana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan kaburburan fasaha na nahiyar Afirka, kuma da shi za mu soma.

Tafkin da ba a tambaya ba

A shekarar 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Cadi, aka ajiye hedikwatarta a nan Maiduguri. Babban aikin da aka ɗora mata shi ne shirin noman rani na kudancin tafkin, a ƙasar Marte. Wanda ya karanta tsarin wannan shiri dole ya jinjina wa girman burin. An shirya ban ruwa ga fili mai faɗin hekta 67,000, a tsugunar da iyalan manoma kusan 55,000, su riƙa noma alkama da rani, shinkafa da damina. Aka haƙa babbar hanyar ruwa mai tsawon kilomitoci masu yawa daga tafkin zuwa tudu, aka kafa manyan injinan jan ruwa a Kirenowa, aka gina tashar wutar lantarki mai shan man dizal a Sabon Marte domin ta juya su, aka tsattsaga fili da magudanai. Kuɗin man fetur yana shigowa a lokacin kamar ruwan sama, babu wanda ya ga dalilin yin tsimi.

Aka buɗe zangon farko a 1979. A cikin shekaru goma na farko, shekaru shida kacal aikin ya gudana, kuma ko a shekarar da aka fi dacewa filin da ya sha ruwa bai wuce kimanin hekta 7,000 ba, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tsara. Da farin 1984 ya zo, sai tafkin ya ja da baya ya bar bakin hanyar ruwan a busasshiyar ƙasa. Injinan suna nan lafiya lau, ma'aikata suna nan, gidajensu da ofisoshinsu suna nan, abu ɗaya ne kawai babu, shi ne ruwa.

Mai karatu zai ce ai fari ne ya jawo, kuma fari ba a hannun mutum yake ba. To, bari mu dubi kwanan wata. Ma'aunin da aka dogara da shi wajen zana aikin ya fito ne daga shekarun 1960, lokacin da tafkin yake cike maƙil, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Amma babban farin Sahel ya sauka ne tsakanin 1972 da 1974, kuma a 1973 ɗin nan da aka kafa hukumar, a cikinta ne tafkin ya ƙafe har ya rabu gida biyu, na arewa da na kudu. Ke nan ana zuba kankare ne a daidai lokacin da ruwan da ake gini dominsa yake tattara kayansa a idon kowa. An sami shekaru shida cur tsakanin wannan gargaɗi da ranar buɗewa, ba a sauya zane ba, ba a rage buri ba.

Bugu da ƙari, wannan hali na tafkin ba sabo ba ne. Tafkin Cadi faranti ne mara zurfi, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwansa daga kogunan Shari da Logone yake zuwa, waɗanda mafarinsu yake can ƙasashen kudu, inda Nijeriya ba ta da iko da ko ɗigo ɗaya. Da ruwan sama ya ɗan ragu a can, sai gaɓar tafkin ta ja da baya tafiyar yini a nan. Wani hafsan Faransa, Jean Tilho, wanda ya auna tafkin a farkon ƙarni na 20, ya tarar da shi a tsuke, har daga baya ya rarraba halayensa gida uku: ƙaramin Cadi, matsakaici da babba. Wannan bayani yana rubuce shekaru da dama kafin a zana aikin Marte. Wanda kuma bai iya Faransanci ba, da ya zauna da dattawan Buduma da Kanuri da Shuwa na bakin tafkin, da sun ba shi labarin shekarun da kakanninsu suka bi ruwa gaba, da shekarun da ruwa ya koro su baya.

Abin da ya fi ban takaici shi ne, ƙasar da aka baje domin aikin ba kango ba ce. Baƙar laka ce da ake kira firgi, inda manoman wannan yanki suka daɗe suna noma masakwa. Suna yin 'yan kunyoyi su tare ruwan damina ya jiƙa lakar, su dasa irin dawar bayan ɗaukewar ruwa, su girbe ta cikin hunturu ba tare da ban ruwa ko man dizal ba. Wannan ma fasaha ce, kuma wadda ta san halin ƙasarta. Da tafkin ya janye, manoman ba su zauna jiran hukuma ba. Suka bi ruwan, suka shiga cikin gadon tafkin suna shuka masara da wake a kan danshin da ya bari, har yankin ya zama rumbun abinci. Manomin da aka ɗauka jahili ya bi ruwa ya ci, injin da aka sayo da miliyoyi ya tsaya yana jiran ruwa ya zo ya same shi.

Madatsar Alau da wayewar garin Talata

In aikin Marte misali ne na ginin da bai dubi ƙasa ba, madatsar ruwa ta Alau misali ce ta ginin da aka yi aka juya masa baya. An gina ta tsakanin 1984 da 1986 a kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga cikin gari, domin ruwan sha na Maiduguri da kuma noman rani. A watan Satumba na 1994 ruwa ya fi ƙarfinta ya malalo cikin gari, aka yi asara mai yawa. Wannan gargaɗi ne da ko kurma ya ji. Aka sami shekaru talatin cif na gyara da shiri.

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata 10 ga wata, ruwan Alau ya sake ɓallewa. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya mamaye Kasuwar Monday, ya cika Gwange, ya shiga asibitin koyarwa na jami'a ya lalata na'urori masu tsada, ya rushe katangar gidan yari, ya kashe yawancin dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi ya saki sauran cikin unguwanni. An rasa rayuka, kuma mutane fiye da 400,000 suka bar gidajensu, da yawansu waɗanda dama rikici ne ya koro su daga ƙauyukansu. Kwanaki kaɗan kafin wannan dare an kwantar wa jama'a hankali cewa babu abin tsoro. Bayan abin ya faru sai jami'ai suka ɗora laifi a kan yawan ruwan sama da sauyin yanayi, alhali kuwa binciken 'yan jarida ya nuna an sha sanya kuɗin gyaran wannan madatsa a kasafin kuɗin tarayya. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina ta. Muna maraba da wannan, amma muna tambaya: nawa ne kuɗin da zai ishi a riƙa duba bango da ƙofofin ruwa duk shekara? Kuɗin gyara ƙanƙane ne, ba ya ɗaukar hoto, ba a kiran makaɗa dominsa, shi ya sa ba shi da uban gida.

Sabon kaya, tsohuwar cuta

Kada wani ya ɗauka wannan cuta ta kankare da ƙarfe ce kawai, wai zamanin kwamfuta ya warkar da ita. Tun 1979 aka yi dokar katin shaidar ɗan ƙasa. A 2001 aka ba kamfanin SAGEM na Faransa kwangilar dala miliyan 214, aka yi rajistar jama'a a 2003, kafin shekarar ta ƙare an gurfanar da manyan jami'ai, har da waɗanda suka riƙe muƙamin minista, bisa zargin cin hanci a kan wannan aiki. A 2007 aka kafa sabuwar hukuma, aka koma farawa daga tushe. A ƙarshen 2020, ana tsakiyar annobar korona, sai ga talakawa cunkus a bakin ofisoshi suna neman lambar shaida don kada a rufe musu layin waya, shekaru arba'in da ɗaya bayan dokar farko.

A 2007 aka harba tauraron sadarwa na NigComSat-1 daga ƙasar Sin, ya mutu a sararin samaniya a watan Nuwamba na 2008, sai a 2011 aka harba madadinsa. A 2010 aka ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470, mafi yawanta bashi daga Sin, domin tsarin sadarwar tsaro da kyamarori a Abuja da Legas. Lokacin da bam ya tashi a tashar motar Nyanya a 2014, jama'a suka yi ta tambayar ina amfanin kyamarorin, har majalisar wakilai ta zauna bincike a kan lamarin. A ranar 25 ga Fabrairu 2023 kuwa, tsarin da hukumar zaɓe ta yi alkawarin zai nuna sakamakon kowace rumfa a intanet nan take ya gaza a kan sakamakon shugaban ƙasa, a daidai sa'ar da ƙasa take bukatarsa. Illar wannan ta wuce asarar kuɗi, domin amana ce ta zube.

Ko a ƙananan ofisoshinmu wane ne bai taɓa ganin kwamfutoci jibge cikin kwalayensu shekara da shekaru ba, saboda an kawo su ginin da ba shi da wuta? Wane ne bai ga wadda aka lulluɓe da mayafi a kan teburin maigida ba, ana kakkaɓe mata ƙura kullum safiya, magatakarda kuwa yana nan yana fama da tsofaffin fayilolinsa? A nan Maiduguri, bayan da 'yan tayar da ƙayar baya suka rusa turakun babbar wayar lantarki ta Damaturu a watan Janairu na 2021, gari ya daɗe cikin duhu, amma hakan bai hana a ci gaba da tsara ayyuka kamar muna da wuta dare da rana ba.

Wani malami a Jami'ar Mancesta ta Ingila, Richard Heeks, ya ƙiyasta a 2003 cewa daga cikin ayyukan gudanar da mulki ta hanyar kwamfuta a ƙasashe masu tasowa, kashi 35 cikin ɗari suna rushewa gaba ɗaya, kashi 50 suna tafiya da ɗingishi, kashi 15 ne kawai suke cin nasara. Dalilin da ya bayar shi ne giɓin da yake tsakanin abin da mai zane ya ɗauka da abin da yake a ƙasa. Gwargwadon faɗin giɓin, gwargwadon saurin faɗuwa. Wannan shi ne labarin Marte da aka sake faɗa da harshen boko.

Inda gizo yake saƙa

Me ya sa wannan giɓi ba ya rufuwa, alhali kowa ya san da shi? A ganinmu dalilai huɗu ne.

Na farko, mai saye daban, mai amfani daban. Manomin da ya sayi injin ban ruwa da kuɗin wakensa sai ya tambayi maƙwabta, ya san inda ake sayar da kayan gyaransa, ya san bakaniken da zai kai wa. Jami'in da ya sanya hannu a kwangila kuwa ba zai yi noma da injin ba, ba zai kwana a ƙarƙashin madatsar ba, kuma kafin aikin ya nuna halinsa an yi masa canjin ma'aikata ko ya yi ritaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a tsarinmu mai ɗakin ne mutum na ƙarshe da ake tambaya, in ma an tambaye shi.

Na biyu, ladar aikin tana ranar ba da kwangila da ranar buɗewa. A ranar farko ake raba abin da za a raba, a ta biyu ake ɗaukar hoton da za a yi yaƙin neman zaɓe da shi. Daga nan aikin ya zama maraya. Wannan ne ya sa babban aiki ya fi ƙarami farin jini ko da ƙaramin ya fi amfani, kuma sabon gini ya fi gyaran tsoho. Gwamnatin da ta gaji aiki ba ta ganin ribar ƙarasa shi, tunda sunan wani ne a jikin allon.

Na uku, zanen aro ba ya rufe katara. Ana sayo injin, ba a sayo ilmin da ya ƙera shi. Kamfanin waje ya zana, ya gina, ya karɓi kuɗinsa ya tafi da makullin sirrin. Ranar da wani ɗan ƙaramin ƙarfe ya karye sai a rubuta takarda zuwa Turai, a jira kuɗin musaya, wata shida injin yana kwance. Alhali a garin nan akwai Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Binciken Tafkin Cadi, dukkansu tun 1975, ga kuma kwalejin fasaha ta Ramat. Sau nawa aka sa malamansu da ɗalibansu cikin aiki tun daga zane, domin su zama magadansa?

Na huɗu, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye mu ma'abota harshe da adabi, shi ne matsalar harshe da gaskiya. Ana rubuta tsarin aiki da Ingilishin da ko ɗan boko sai ya yi da gaske, a kulle a durowa, sannan a tara mutanen ƙauye a karanta musu jawabi ta bakin tafinta, a kira wannan tuntuɓa. Ilmin da yake cikin Kanuri da Shuwa da Hausa da Fulfulde, na sunayen shekarun yunwa da na ambaliya, na hanyoyin da ruwa yake bi, na ƙasar da take riƙe danshi, ba ya shiga rahoto domin ba shi da lamba. A cikin ofis ma ƙaramin injiniya ya san abin da yake faruwa, amma ya san cewa mai kawo mummunan labari ba ya samun ƙarin girma. Haka rahoto yake hawa bene yana ƙara zaƙi, har ya isa teburin minista yana cewa komai lafiya. A ƙasar Bakolori ta Sakkwato ta wancan lokaci, manoman da suka ƙi yin shiru a kan gonakinsu da madatsa ta cinye, da harsashin 'yan sanda aka amsa musu a watan Afrilu na 1980.

Amsa ga masu kare abin

Akwai masu cewa rikicin Boko Haram ne ya kashe aikin Marte. Haƙiƙa rikicin ya kori manoma da ma'aikata, ya lalata kayan aiki, kuma ba mu raina wannan musiba. Amma rikicin ya ɓarke ne a 2009, shekaru talatin bayan buɗe aikin, shekaru ashirin da biyar bayan ruwa ya bar shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Har ma muna iya tambaya: da an cika alkawarin da aka yi wa iyalai 55,000, da matasa nawa ne za su kasance a gona maimakon daji?

Akwai masu cewa mutanenmu ne ba su da al'adar kula da kaya. Wannan ƙazafi ne. A je Kasuwar Jagwal a ga yaran da ba su gama sakandare ba suna farke wayar hannu suna mayar mata da rai. A dubi tsofaffin motocin da kamfanonin da suka ƙera su sun manta da su, amma suna nan suna jigila a hanyoyinmu. A dubi injinan niƙa na unguwanni, da ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse da suka cika fadamun Arewa tun shekarun 1980 da 1990. A dubi yadda wayar salula, daga 2001, ta shiga hannun mai shayi da mai kifi cikin 'yan shekaru, bayan NITEL ta shafe shekaru tana sa mutane jiran layi. Duk inda kaya yake da mai shi, yana rayuwa. Wanda aka rubuta wa "kayan gwamnati" ne yake mutuwa, domin a fahimtar da mulki ya koya mana, kayan gwamnati ba na kowa ba ne.

Akwai masu cewa cin hanci ne kawai, a kama ɓarayi magana ta ƙare. Ba mu musun ɓarnar cin hanci, amma ko da waliyyai ne suka riƙe kuɗin Marte, tafkin zai janye. Aikin da aka aza a kan zato mara tushe zai faɗi ko ba a saci kwabo ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma masu cewa ai ƙasashen da suka ci gaba ma suna faɗuwa. Gaskiya ne. Birtaniya ta fara wani gagarumin shirin haɗa bayanan asibitocinta a kwamfuta a 2002, ta rushe shi a 2011, jimillar kuɗinsa kuwa aka ƙiyasta ta kusa fam biliyan 10. Amma can majalisa ta yi bincike ta buga rahoto kowa ya karanta, kuma asarar ba ta hana yaro zuwa makaranta ba. Mai rumbu goma in ɗaya ya ƙone zai ci tuwo da dare. Mai rumbu ɗaya fa? Talaucinmu dalili ne na ƙara taka-tsantsan.

Darasi daga sunan unguwarmu

Unguwar Fezzan ta samo sunanta ne daga yankin Fezzan na kudancin Libiya, inda fatake suke tasowa su ratsa Sahara zuwa Borno, yankin da daular Kanem ta taɓa mulka a ƙarni na 13. A can, a kwarin da ake kira Wadi al-Ajal, tun kafin zuwan Musulunci, mutanen tsohuwar daular Garama sun haƙa ɗaruruwan hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ake kira foggara. Sukan haƙa rijiyoyi a jere, su haɗa gindinsu da rami mai ɗan gangare, ruwa ya gangaro da kansa daga gindin tudu zuwa gonaki, babu inji babu mai. Amfanin jerin rijiyoyin shi ne a riƙa sauka ana yashe ramin. Wato tun a cikin zanen an tanadi ƙofar gyara. Da wannan suka noma alkama da dabino a tsakiyar hamada ɗaruruwan shekaru, har sai da ruwan ƙarƙashin ƙasar ya yi nisa. Su nasu aikin ya ga ƙarnoni, namu mai injinan zamani bai cika shekara goma yana tafiya ba.

Muna tuna wannan ne domin an sake ɗauko wani babban buri. A taron da aka yi a Abuja a watan Fabrairu na 2018 an goyi bayan shirin Transaqua, wanda wani kamfanin Italiya ya daɗe yana tallatawa: a haƙa hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 2,400 daga rassan kogin Kwango a juyo da ruwa zuwa Cadi, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 50. 'Yan siyasar Kwango da dama sun fito sun ce ba su yarda ba. Masu auna tafkin ta tauraron ɗan'adam kuma sun nuna cewa tun bayan ƙafewar shekarun 1980 ruwan ya ɗan farfaɗo, yana ƙaruwa yana raguwa kamar yadda ya saba, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 shaida ce. Jiya an yi gini bisa zaton tafkin ba zai taɓa raguwa ba, yau ana son yin wanda ya ninka shi bisa zaton ba zai taɓa dawowa ba. Ƙasar da ta kasa kula da madatsar da take kilomita 20 daga fadar Shehu, ita ce za ta kula da magudanar da ta ratsa dazuzzukan ƙasashen da suke fama da yaƙi?

Kammalawa

Ba ƙyamar fasaha muke yi ba, kuma ba ma kiran a koma zamanin jiya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da muke nema a fili yake. Kafin a sa hannu a kowane babban aiki, a buga tsarinsa da kuɗinsa cikin harsunan mutanen da zai shafa, a karanta a rediyo, a saurari masu suka. A fara da kaɗan, a gwada shekara biyu ko uku, abin da ya yi a faɗaɗa, wanda bai yi ba a bar shi ba tare da jin kunya ba. Kada a amince da aikin da ba a ware masa kuɗin gyara da na horar da ma'aikata na shekaru goma ba. A sa injiniyoyin gida cikinsa tun daga zane har zuwa miƙa makulli. A rubuta sunan jami'in da ya ba da shawara da wanda ya sa hannu, domin a san wanda za a tambaya. In kuma dole sai an yi biki, a ɗage shi zuwa ranar da aikin ya cika shekara biyar yana gudana.

Akwai dokar ba da kwangila ta 2007, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi takardun aiki. Ga naira biliyan 80 na Alau nan a gabanmu. Wannan ce jarrabawa ta farko. Ɗalibanmu na sashen harsuna kuwa, kada ku ɗauka wannan magana ta injiniyoyi ce. Ku ne za ku zauna da dattawan bakin tafki ku rubuta abin da suka sani kafin su tafi da shi, ku ne za ku fassara rahoton da aka ɓoye cikin Ingilishi, ku ne za ku yi wasan kwaikwayo da ƙagaggen labarin da zai sa mai yanke ƙyalle ya ji nauyin almakashinsa. Ruwan 1994 ya yi magana ba a ji ba, na 2024 ya maimaita da babbar murya. Wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba. Allah Ya sa mu gyara tun kafin damina ta uku.